Daga ramin tsakuwa a Ayislan zuwa motar rimot: tarihin motocin da ke hawa bango

1/
Kun taɓa ganin bidiyon wata mota mai fuskar tsohuwar jif, tana kuwwa, tana watsa ƙasa sama kamar ana shiƙar gero, ta haye gangaren da ko akuya sai ta tsaya ta yi shawara? Sunan wasan Formula Off Road. Akwai manyan motocin, akwai kuma 'yan ƙanana na rimot da mutane ke haɗawa da hannunsu. Tarihin duka biyun zan ba ku. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/
Tun da fari: babu kamfanin da ke ƙera manyan motocin nan ya kai kasuwa. Ba Toyota, ba Ford. Duk wadda ka gani a fili, wani ne ya yanka bututun ƙarfe ya yi walda a garejinsa. Ƙananan ma mafi yawansu tsince-tsince ne daga kayan wasu motocin. Yadda aka yi abin ya zama haka shi ne labarin.

3/
Mahaifar wasan ita ce Ayislan, tsibiri can arewacin tekun Atlantika. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 103,000, amma mutanenta kusan 400,000 ne kacal. Ƙaramar hukumar Nassarawa ta Kano ita kaɗai ta fi su yawa. Tsakiyar ƙasar ba kowa: ƙanƙara, baƙin yashi, sandararren aman dutse, da koguna marasa gada.

4/
Ba su da jirgin ƙasa na fasinja. Titin da ya zagaye tsibirin ma sai 1974 aka haɗe bakinsa. Shekaru aru-aru doki ne abin hawansu, don shi ke iya ratsa ruwa da duwatsu.

5/
Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Ranar 10 ga Mayu 1940 sojojin Birtaniya suka sauka tsibirin ba da gayyata ba, don kada Jamus ta riga su. A Yulin 1941 Amurkawa suka iso. Cikin kayan da Amurkawa suka shigo da su a shekarun yaƙin akwai 'yar jif ɗin nan ta Willys: silinda huɗu, ƙarfin doki 60, amma ƙafafu huɗu ke ja.

6/
Bayan yaƙi manoma suka rungume ta. Ita ce tarakta, ita ce motar shiga gari. Har yau a yarensu duk motar fowil jeppi suke ce mata, kamar yadda mu ma duk wata doguwar mota jif ce a bakinmu.

7/
To ka tara samari, kowa da jif ɗinsa, ga tudu a gabansu. Ba sai an gaya maka abin da zai biyo baya ba 😂 Tawa za ta hau, taka ba za ta hau ba. A 1965 wata ƙungiyar masu motoci ta Reykjavik ta mayar da musun nan gasa, a kwarin Mosfellsdalur, bayan gari kaɗan. Ita ake ƙirgawa a gasa ta farko. Su torfæra suke kiran wasan, wato wuri mai wuyar bi.

8/
Motocin lokacin ba wani abin kallo ba ne. Jif ɗin da ka zo da ita ita za ka shiga gasa da ita, kuma idan Allah ya sa ba ka karya aksul ba, ita za ta mai da kai gida.

9/
Nan ne wajen da ya fi burge ni. Waɗanda suka raini wasan har ya girma ba 'yan ganganci ba ne, 'yan agaji ne. Ayislan ba ta da rundunar soja. Idan guguwa ta rutsa da matafiya ko jirgin ruwa ya kife, 'yan sa-kai ne ke fita nema: manomi, makanike, malamin makaranta, ba mai biyansu albashi.

10/
A Satumban 1950 wani jirgin sama mai suna Geysir ya faɗi a kan ƙanƙarar Vatnajökull. Mutum shida ne a ciki, duk sun tsira, amma sai da suka yi kwanaki kafin a kai gare su. Bayan wannan ne aka kafa ƙungiyar agajin hatsarin jirgin sama a Reykjavik, daga baya wasu garuruwa suka kafa irinta.

11/
Ƙungiyoyin nan suna buƙatar abu biyu: kuɗin sayen kaya, da direbobin da suka san hannunsu a mugun wuri. Gasar jif ta ba su duka biyun. A saka kuɗin ƙofa, jama'a su zo kallo. Ƙungiyar agaji ta garin Hella ta fara shirya tata gasar a 1973, kuma har yanzu ita ce mai gasar. Ɗaya hanyar samun kuɗin 'yan agajin ƙasar ita ce sayar da kayan wasan wuta na sabuwar shekara. Mutanen nan da wuta da ƙara dai, sai a hankali.

12/
Wani abin da ba a cika faɗa ba: a Ayislan laifi ne ka sauka daga hanya da mota ka shiga daji. Gansakukar da ke rufe duwatsunsu idan taya ta yage ta, sai ta yi shekaru gommai ba ta farfaɗo ba, kuma tarar da ake ci ba ta wasa ba ce. Shi ya sa ake yin gasar a ramukan da ake haƙar tsakuwa da yashi, inda dama an riga an fasa ƙasar.

13/
A ganina wannan ne ya sa wasan ya kai shekara sittin. Jinin samarin can bai fi na namu sanyi ba. Bambancin, su an ba su rami, an ja igiya tsakaninsu da 'yan kallo, an ajiye motar asibiti. Mu kuwa wasan motar ranar ɗaurin aure a kan titin da yara ke tsallakawa ake yin sa. Kowa a nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda shi.

14/
Ba tseren wa ya riga wa ba ne. Mota ɗaiɗai ke shiga. Ana shata hanya da tsofaffin tayoyi, a raba ta gida-gida, iya inda ka kai iya makinka. Wanda ya kammala hanya tsaf yana samun 350. Ka taka tayar iyaka a rage, ka yi ribas a rage. Yawanci hanya shida ake yi a rana, a ciki har da ta agogo, inda sauri ke da maki.

15/
An fara gasar cin kofin ƙasa a 1979, Benedikt Eyjólfsson ya ci ta farko. Amma motar da muke gani a bidiyo yau ba a haife ta ba sai shekarun 1980, kuma ba inji ne ya haife ta ba. Taya ce.

16/
Ga matsalar. Busasshen yashi idan ka tara shi, ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce digiri 30 zuwa 35, sai ya zube. Je ka duba tulin yashin da tifa ta juye a bakin gini. Wato ƙasar da kake son hawa ita kanta a bakin zubewa take. Tayar kwalta tana neman abin da za ta kama, a nan kuwa babu. Ka ƙara totur, ta haƙa wa kanta kabari.

17/
Maganin da suka samo: a daina neman kamu. Aka kawo taya mai haƙarƙari manya a gicciye, kamar an jera shebur a jikinta. Su ma tayar shebur suke ce mata a yarensu. Ba riƙe ƙasa take ba, kwasa take tana jefawa baya. Dokar Newton ta uku da muka haddace a sakandare: ka jefa nauyi baya da ƙarfi, shi kuma ya tura ka gaba. Motar tuƙa yashi take kamar mai kwalekwale da filafili.

18/
Daga nan lissafi ya juye. Da, gwani shi ne mai lallaɓawa. Yanzu tayar sai ta yi gudun tsiya kafin ta yi aiki, gudun taya kuma sai da inji mai ƙarfi, inji mai ƙarfi kuma yana murɗe tsohuwar jif kamar tsumma. Aka raba gasar aji biyu: masu kama da motar titi, da waɗanda aka sakar wa mara su yi yadda suka so.

19/
A ƙarshen shekarun 1980 Árni Kópsson, wanda sana'arsa nutso a teku ce, ya fito da motar da ya kira Heimasætan, wato budurwar gida. Bai tsaya gyara tsohuwar jif ba, motar gasa ya gina tun daga tushe, mara nauyi, don hawa tudu kawai. Ya ci kofin ƙasa a jere. Sauran suka gane cewa zamanin faci ya wuce, kowa ya koma gareji.

20/
Motar ajin sama a yau: kejin bututun ƙarfe, injin V8 irin na Amurka, galibi na Chevrolet, wasu da tabo, wasu da iskar naitros da ke ƙara wa injin iskar ƙona mai idan an danna maɓalli. Ƙarfin doki 1,000 ba labari ba ne a wajen. Ku tuna kakarsu 60 gare ta. Abin da ya rage na jif sai fuska.

21/
Kifewa kuwa cikin wasan take. Mota ta kai leɓen tudu, ƙarfi ya ƙare, ta wuntsulo baya ta gangaro sau biyu, sau uku. Direba na ɗaure da bel da hular kwano a cikin keji. Katafila ta zo ta ɗaga ta, makanikai su rufa mata, kafin hanya ta gaba ta dawo layi.

22/
Abin da tayar shebur ta zo da shi wanda ba a yi zato ba: ruwa. Idan motar ta shigo da isasshen gudu, shebur ɗin na dukan ruwa kamar yadda yake dukan yashi, sai ta bi ta sama ba ta nutse ba. A Hella akwai hanyar kogi da ta fadama. Shirin Top Gear na BBC ya taɓa zuwa da Richard Hammond, aka yi tsere a kan tafki tsakanin irin motar nan da babur ɗin ƙanƙara. Sharaɗin ɗaya ne: ka ɗaga ƙafa daga totur, ka tafi ƙasa.

23/
Farkon shekarun 1990 wasan ya tsallaka Suwidin da Norwe, daga baya Finlan da Denmak. A 2016 'yan Ayislan suka loda motocinsu a jirgin ruwa suka kai su Dyersburg ta jihar Tennessee a Amurka. Jif ta koma garin iyayenta, iyayen ba su gane ta ba.

24/
To mu koma kan 'yar ƙaramar. Sarrafa abu da rediyo ya girmi jif nesa ba kusa ba: Nikola Tesla ya nuna ɗan jirgin ruwa na rimot a New York tun 1898. Motocin rimot na sayarwa sun fara fitowa tsakiyar shekarun 1960. A 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da Porsche 934 mai batir, a 1979 ya kawo Rough Rider da Sand Scorcher masu shiga ƙasa. A 1984 Team Associated na Amurka ya fitar da RC10.

25/
Amma ko da a ce wani yaro a Reykjavik ya so ya kwaikwayi Heimasætan a 1990, kayan zamanin ba za su kai shi ko'ina ba. Batirin lokacin mai sel shida ne, bolt 7.2, ga nauyi, mintuna kaɗan ya mutu. Injin lantarkin mai burushi ne, gawayin ciki na gogawa yana cinyewa, yana zafi. A fili mai laushi lafiya lau. A tudu, inda ake son taya ta haukace cikin daƙiƙa ɗaya, babu.

26/
Rimot ɗin ma da nasa ciwon kai. A zangon 27 MHz tashoshi shida ne na asali, kowace da launinta, ana sauya su da ɗan ƙaramin kiristal. Idan ku biyu kuka saka iri ɗaya, sai ka juya hagu motar wani ta faɗa rami 😭 A filayen wasa har allo ake ajiyewa, sai ka ɗauki alamar tasharka kafin ka kunna.

27/
Abu uku suka taru cikin 'yan shekaru. Rimot na 2.4 GHz, wanda Spektrum ya kawo wa masu motoci a 2004, ya kashe rigimar kiristal. Batirin LiPo ya zo da ƙarfi mai yawa a nauyi kaɗan. Injin lantarki marar burushi ya sauko farashin da ɗalibi zai iya tunaninsa. Wannan shi ne V8 da naitros na 'yar ƙaramar.

28/
Saura ƙafafu. Motocin tseren rimot kowace taya da nata hannun take lilo, su kuwa manyan na Ayislan sandar aksul guda ke haɗa tayoyi biyu. Irin wannan aksul ɗin a ƙaramin girma ya yawaita ne ta hannun wasu mutanen daban, masu motocin rarrafe a kan duwatsu. Kamfanin Axial ya fitar da AX10 Scorpion a 2007, sai SCX10, sai Wraith a 2011.

29/
Abin dariyar, mai rarrafe da mai hawa tudu hannun riga ne. Shi mai rarrafe tafiyar hawainiya yake so: giya ƙasa, taya mai laushi, har dalma yake sakawa a cikin wili don ta danne. Masu son torfæra suka sayi motarsa, suka ɗauki aksul da giyabos, suka zubar da falsafar. Daidai abin da kakanninsu suka yi wa jif ɗin soja.

30/
Haɗin da aka fi yi, a girman kashi ɗaya cikin goma: aksul biyu a kulle, yadda duk tayoyi huɗu ke juyawa tare ko ɗaya na sama. Sanduna huɗu na riƙe kowane aksul. Shokozoba mai mai. Firam na faranti na alminiyom ko siririn ƙarfe da aka lanƙwasa aka like da wuta. Batir mai sel biyu ko uku, kowane sel bolt 3.7. Na'urar sarrafa gudu, da ɗan injin sitiyari mai haƙoran ƙarfe.

31/
Inda ake rabuwa da gwani shi ne wajen ajiye nauyi. A gangare nauyi na komawa baya da kansa, gaba ya ɗaga, mota ta kifa ta ƙeya. Saboda haka batir gaba, ƙasa-ƙasa, kusa da aksul. A ɗan tsawaita tazarar tayar gaba da ta baya. Wili kuma ya zama shafal, a cire dalmar nan ta masu rarrafe, don nauyin da ke juyawa shi ke hana taya ɗaukar gudu nan take, kuma shi ke karya farfela idan mota ta diro da totur a danne.

32/
Taya kuwa, kamfanoni irin su Pro-Line suna yin mai shebur don yashi. Amma da yawa da reza suke yin tasu: a sami taya mai manyan haƙora, a yanke wasu a bar wasu, a buɗe fili a tsakani yadda za ta kwashi ƙasa. Wasu roba suke yankawa su manna a gicciye. Duk wanda ya taɓa yanka silifa ya yi wa motar langa-langa taya yana yaro, hannunsa ya riga ya san aikin.

33/
Ga inda lissafi ke daɗi. Ka rage tsawo sau 10, girman jiki ya ragu sau 1,000. Motar kilo 1,300 ta koma kilo 1.3 a takarda. A zahiri akasarin haɗin sun fi haka nauyi, don batir da ƙarfe ba su san an rage ba. Kuma ƙasa ba ta raguwa. Tsakuwa mai girman gyaɗa, a wajen 'yar motar dutse ne mai girman mangwaro.

34/
Jan ƙasa ma bai raguwa, shi ya sa a ido ƙaramar take kamar mai gaggawa. In kana so bidiyonka ya yi kama da na Hella, rage saurinsa kamar sau uku, don tushen 10 shi ne 3.16. Riba ɗaya da ƙanƙanta ke bayarwa: ƙarfin ƙarfe da kaurinsa yake tafiya, nauyi kuma da girman jiki, to nauyi ya fi saurin raguwa. Faɗuwar da za ta kai babbar gareji, ƙaramar sai ta karkaɗe ƙura ta ci gaba.

35/
Mai son gwadawa a nan, filin ba matsala ba ne. Tulin yashin gini, gefen kududdufin da ya ƙafe, gaɓar rafi da rani. Maƙiyinka zafi ne. Inji marar burushi idan ya yi zafin da ba ka iya ɗora yatsa, tsaya, maganaɗisun ciki na lalacewa kuma ba ya dawowa. Yashi na shan wuta fiye da kwalta, to a rage ƙaramin haƙorin giya tun kafin a fita.

36/
LiPo kuma ba batirin tocila ba ne. Kar ya wuce bolt 4.2 a sel wajen caji, kar ya sauka ƙasa da 3. Caja tasa daban ce, mai daidaita sel-sel. Kar a bar shi a rana ko cikin mota a watan Afrilu, kar a sa shi caji a kan katifa a tafi lakca. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki, wutarsa ba ta jin lallashi. Mu da ke kwana huɗu-huɗu a ɗaki, wannan ba maganar mai motar kaɗai ba ce.

37/
Masu gasar ƙananan dokar manyan suka ara: a shata hanya da alamomi, mota ɗaiɗai, maki iya inda ka kai, ribas da taɓa iyaka a rage. Ka sa hannu ka taɓa motarka, hanyar ta ƙare maka.

38/
Kuma inda manyan ke faɗuwa nan ƙananan ke faɗuwa, wato taƙin ƙarshe na leɓen tudu, inda ƙasa ta miƙe kamar bango. Ka saki totur da wuri, ta tsaya ta zamo baya. Ka riƙe shi har tayoyin gaba su bar ƙasa, ƙarfin tayoyin da ke juyawa ya ɗaga hancinta ta yi alkafura. Ana sassautawa ne daidai lokacin da gaban ya leƙa sama, sai hancin ya sauko ya dafa. Direban Hella da ƙafar dama yake auna wannan, kai da yatsa ɗaya.